Ƙafar Da Gari Ya Yi Wa Tofi

Ni Hindatu, duk wanda ya ce mutanen Illela ba su da kirki a gabana, sai mun kwashi 'yan kallo da shi. Ranar da labari ya iso cewa 'yan bindiga sun shiga jami'ar da Zaharaddini ɗan yayana yake karatu, sun buɗe wa ɗalibai wuta suna fitowa daga aji, kafin la'asar babu shago ɗaya buɗe a layinmu. Direbobin tasha suka ba da mota, ɗaya daga cikinsu, Hamidu, ya ce shi zai tuƙa ko tafiyar kwana nawa ce. Samari shida suka cusa kansu a ciki, wai ko ana bukatar jini. Matan unguwa kuwa suka ƙwace mana madafa, ko cokali ba su bari mun ɗaga ba. Da idona na ga wannan, kuma har gobe ina gode musu.

Ɗalibai huɗu ne suka rasu a wurin. Namu harsashi ya same shi a sharaɓar ƙafar hagu. Likitocin can suka cire, suka ɗaure, suka sallame shi saboda gadaje sun cika. Hamidu ya dawo da shi ranar Alhamis, ya tsaya a bakin zaure ya maimaita mana gargaɗin likita har sau uku, don shi aka damƙa wa saƙon. Kada a kwance bandejin a gida. Duk bayan kwana biyu a kai shi asibiti a wanke ciwon. In ƙafar ta kumbura ko zazzaɓi ya zo, kada a bari ya kwana. In an kiyaye zai taka ƙafarsa nan da wata biyu, in an yi sakaci ƙafar na iya tafiya. Yaro ɗan shekara ashirin da huɗu, saura masa zango ɗaya ya gama karatu. Duk gidan muka ce mun ji.

Kuskurenmu na farko shi ne ɗakin da aka ba shi. Yayana Alhaji Na'Allah fataucin albasa da wake yake yi tsakaninmu da Konni ta Nijar, rabin garin abokan cinikinsa ne, sauran rabin surukansa. Ya ce a sa yaron a ɗakin da ke manne da zaure, don maza 'yan dubiya su shiga ba sai sun ratsa wurin mata ba. Da a ce ƙuryar gida aka kai shi, da kunya kaɗai ta tare mana rabinsu.

Dubiya a wurinmu tana da ƙa'ida. Ba a korar wanda ya zo duba marar lafiya, ko da jiya kuka yi shari'a da shi. Zai zauna, ya ce ya jiki, a ce da sauƙi. Ya tambayi yadda abin ya faru, a ba shi labari. Sannan ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya tofa a inda ke ciwo. In kai ne a tofa a kai, in ciki ne a ciki. Ni kaina haka nake yi wa mutane tun ina budurwa, ban taɓa ganin laifin abin ba.

Wanda ya fara kwance bandejin wani dattijo ne daga Garu, aminin babanmu marigayi, idonsa ma da ƙyar yake gani. Ya gama addu'arsa mai tsawo, ya lalubo ƙafar, ya ji ƙyalle. Sai ya ce shi tunda yake bai taɓa yi wa tsumma tofi ba, ba tsumma aka harba ba. Ina tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna mutumin nan shi ya sa babanmu a kabari. Na yi shiru, Allah ya yafe mini. Ya kwance a hankali, ya yi tofinsa sau uku, hawaye na bin gemunsa. Wallahi da zuciya ɗaya ya yi.

To, daga nan ƙofa ta buɗe. Tunda wane ya gani, in ka hana wane, ka raina shi ke nan. Na huɗu da na hana ya fita zaure yana cewa ashe a gidan Alhaji addu'a ma sai ta masu hali. Alhaji ya aiko a gaya mini in bar mutane su sami ladansu.

Ba tofi kaɗai ba. Kowa da maganin da ya taɓa warkar da wani nasa. Wani ya kawo man shanu, wani garin ganye a ƙullin leda. Wani dillalin kasuwar shanu ya zo da hoda a gwangwani daga Konni, rubutun jikinta duk Faransanci, babu wanda ya iya karantawa, amma akwai hoton doki. Ya rantse da ita ya warkar da bijimin da wayar shinge ta yaga wa cinya. Na juya in kawo masa tabarma, kafin in dawo ya barbaɗa.

Ranar Juma'a kuma Malam Zakari ya shigo cikin lamarin. Shekara ashirin ya yi yana fiton manyan motoci a kan iyaka kafin ya ajiye aikin, tun daga lokacin yake neman abin da zai jera a layi bai samu ba. Bayan an sauko masallaci ya tara mutane a ƙofar gidanmu aka kafa Kwamitin Jaje da Tsayawa Tare da Ɗanmu, shi ne shugaba. Washegari sai ga ƙyalle ƙato an rataya da hoton yaron, an rubuta sunansa ba daidai ba. Malam Zakari ya kafa benci a bakin zaure yana raba lamba. Ya raba wa ƙungiyoyi ranaku, kowa da sa'arsa, minti goma-goma, kamar dai tireloli. In gaskiya za a faɗa, turereniya ta ragu. Sai dai da tsarin ya kankama, waɗanda ke ganin ƙafar a yini sun ninka na da.

Shi ne kuma ya kawo zancen hoto. Kowace tawaga sai ta ɗauki hoto da marar lafiya don ta nuna a gida cewa ta sauke nauyi. Ya ce hoto da bandeji ba ya nuna komai, kowa na iya ɗaura bandeji. Sai ya zama ana kwancewa don hoto, a bar shi buɗe don tofi, mai kemis na bakin layi ya zo ya mayar, tawaga ta gaba ta shigo a sake kwancewa.

Kowace tawaga kuma sai Zaharaddini ya ba ta labari daga farko. Yadda suka fito daga aji, yadda suka ɗauka tayar mota ce ta fashe, yadda abokinsa Muhyiddeen ya tura shi bayan wata randar fulawa, shi Muhyiddeen kuma bai samu shiga ba. A nan kullum muryarsa take tsayawa. Sai a ce masa, daure ka ƙarasa, ai mun zo ne mu raba baƙin cikin da kai. Ya daure ya ƙarasa, a yi salati, a miƙe, lamba ta gaba ta shigo.

Asabar ce ranar wankin ciwo ta farko. Na shirya yaron, Hamidu ya kawo mota. Sai ga mutanen ƙauyen Araba a mota biyu, har da mai unguwarsu. Malam Zakari ya ce ina, mutane su baro gonakinsu su tarar da gado wayam? A bari su gama. Kafin su gama na Darna Sabon Gari sun iso. Lahadi kuwa kasuwar Illela ke ci, duk wanda ya sayar da akuya sai ya biyo ya yi dubiya kafin ya hau mota. Litinin abokan cinikin Alhaji suka ƙetaro daga Konni, su ma ba a barinsu. Talata mahauta da teloli. Laraba aka ce Onarabul zai zo, wani mai neman kujera da ko sunan yaron bai sani ba. Aka share ƙofar gida, aka yayyafa ruwa, aka zauna har magariba. Bai zo ba, ya aiko cewa sai Asabar, amma a tabbatar marar lafiyar yana nan.

A wannan Larabar na shiga zaure na sami yayana. Na san ba a yi, mace ta tsaya a kan maza tana ɗaga murya, amma ni dama an daɗe da sallama ni a gidanmu. Na ce masa kwana shida ke nan ba a wanke ciwon ba, ƙafar ta kumbura har gwiwa, jikinsa zafi rau.

Ya ja ni gefe, ya rage murya. "Hindatu, mutanen ga da su nike ci, da su nike sha. Sun rufe shagunansu saboda ni. In ce musu mi? Su koma?"

"Ka ce musu likita ya hana, Yaya."

"Duk wanda ya fito na tambaye shi, cewa yake da sauƙi. Shi kansa mai jikin na aika an tambaye shi, ya ce da sauƙi."

To mi yaron zai ce? Akwai wanda ya taɓa jin marar lafiya a ƙasar nan ya ce babu sauƙi? Wanda ke gargarar mutuwa ma da sauƙi yake cewa. Matsalar ita ce Zaharaddini ɗan fari ne. Yayana ba ya kiran sunansa, ba ya zama ɗaki ɗaya da shi, tun ranar da aka kawo shi sau ɗaya ya leƙa, shi ma daga bakin ƙofa. Mutum sama da ɗari huɗu sun ga ciwon nan, ubansa bai gani ba. Ya ce in yi haƙuri Onarabul ya zo ya tafi, ranar Lahadi da kansa zai sa a kai shi.

Uwar ma haka. Lubabatu mace ce mai kara, a gaban mutane ko kallon sashen ɗakin ba ta yi. In mata sun zo suna kuka, ita ce ke ba su haƙuri tana miƙa musu ruwa, su fita suna yabon dauriyarta. Ranar Alhamis da hantsi ina wanke kwanuka a bayan ɗaki ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta ɗauki kwano ɗaya tana ta cuɗawa alhali na riga na wanke shi.

Ta ce, "Hindatu, ɗanki wari ƙafarshi take. Ni nike wankin zanen gadon." Ba ta ɗago kai ba. "Ni ba ni da bakin magana. Ke kina da shi. Don Allah."

Shekara ashirin da biyar muna tare da matar nan, ban taɓa jin ta roƙi kowa komai ba. Raina ya ɓaci. Na ji haushin yayana, na ji haushin Malam Zakari da bencinsa, amma wadda na fi jin haushi ita ce ni, da na tsaya da kofin ruwa ina kallon tsoho yana kwance bandeji.

Abin da gari ke bukata gado ne da mutum a kai. Wannan na gane. 'Yan unguwa da suka san fuskar yaron duk sun gama zuwa tun kwanakin farko, yanzu baƙi ne ke shigowa daga ƙauyuka da ƙungiyoyi, kuma na lura babu mai kallon sama da gwiwa. Sai na tafi gida wurin maigidana.

Maigidana, wanda gari ke kira Yari, mutumin kirki ne, amma in ana neman wanda zai kwanta yini guda bai motsa ba, a duk ƙaramar hukumar nan babu na biyunsa. Shekararsa hamsin da bakwai. Na same shi a gindin darbejiya, na zayyana masa abin da nake so. Ya tashi zaune, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya ce wannan ai yaudara ce, in asiri ya tonu ina zai sa kansa a garin nan. Na ce masa kullum ana kawo wa marar lafiya farfesun kaza sau biyu, da fura mai nono, yaron ba ya iya ci, mayarwa ake yi. Can ya ce ceton rai ai wajibi ne.

Muka zaɓi lokacin sallar Juma'a, don shi ne kaɗai lokacin da bencin Malam Zakari ke zama ba kowa. Hamidu ya kawo mota ta ƙofar baya, inda ake fitar da awaki, ya ce shi matafiyi ne yau, zai yi azahar a hanya. Ni da shi da Lubabatu muka ciccibo yaron. Nauyinsa ya ragu har na tsorata, ga zafi kamar an sauke tukunya. Yari ya hau gadon, na naɗe masa ƙafar hagu da sabon bandeji, na ɗiga jan magani a kai, na ja bargo har kansa. Na ce wa Lubabatu duk wanda ya tambaya a ce haske ke damun idonsa, kuma likita ya hana shi magana. Yari ya leƙo daga bargon ya tambaya ko ƙarfe nawa ake kawo farfesun.

Da za mu tashi Lubabatu ta zo jikin tagar motar. Ta miƙa hannu ta taɓa goshin ɗanta, sau ɗaya, ta juya ta koma ciki da sauri.

Sakkwato muka nufa kai tsaye. A hanya yaron ya fara sambatu, yana ba kujerar gaba labarin yadda suka fito daga aji. Na ce masa ya isa, babu kowa a nan sai ni. Ya ce, "Gwaggo, lamba nawa anka kai?" Hamidu ya ƙara taka mota.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba ta kai ɗiyata girma ba. Da ta kwance bandejin sai da nas ɗin da ke gefenta ta ja da baya. Ta tambaye ni wa ya buɗe ciwon, kuma mi aka zuba. Na fara lissafa mata tana rubutawa, man shanu, garin ganye, toka, hodar doki. Da na zo kan tofi ta tambaya na mutum nawa. Na ce ban ƙirga ba, amma shugaban kwamiti na da lambobin. Ta ajiye biron ta dube ni, ta ce, "Hajiya, ba ku da asibiti a garinku?" Na ce muna da shi, tafiyar minti bakwai ce daga gidan. Ta ɗauki biron ta ci gaba da rubutu, ni ma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Suka yi iya ƙoƙarinsu, wannan zan shaide su. Suka wanke, suka yanke naman da ya mutu, suka sa masa ruwa da allurai. Ta ce a ba su zuwa Asabar su ga ko zai tsaya.

Abin da ya faru a gida kuwa, Lubabatu ce ta ba ni labari daga baya. Tawaga uku suka shiga ranar Juma'a da yamma, ta tsaya da kanta a bakin ƙofa ta ce yau ba a kwancewa. Da yake ba a taɓa jin muryarta ba, sai aka ji nauyinta, aka yi tofi a kan bandeji. Wani daga cikinsu ya dubi kaushin da ke dugadugin Yari ya girgiza kai, ya ce dubi yadda karatun boko ke tsofar da yara. Malam Zakari ya shiga ɗakin sau biyar yana gyara wa masu hoto tsayuwa, bai lura da komai ba, sai ma ya sanar a zaure cewa alhamdu lillahi marar lafiya ya fara cin abinci sosai. Bayan magariba ta gaya wa mijinta gaskiya. Ya ce tunda an riga an yi, a bar shi haka har Onarabul ya zo ya tafi.

Ya kuwa zo ranar Asabar, da motoci tara da masu ɗaukar bidiyo. Mutanensa suka ture Lubabatu gefe ba tare da sun san ko wace ce ba. Ya tsuguna a gaban gadon, ya yi jawabi a kan tsaro, ya share ido da hankici, sannan ya ce a buɗe masa ya ga abin da azzalumai suka yi wa ɗansa. Malam Zakari da kansa ya kwance, zagaye bayan zagaye. Sai ga ƙafa lafiya lau, ko ƙwarzane babu, sai jan magani da gashi. Yari yana cikin bargo ya ƙame, ya ce mini daga baya ko numfashi a rabi-rabi yake yi.

Malam Zakari ne ya fara kabbara, ɗakin ya ɗauka, zaure ya ɗauka, har waje. Shi da idonsa ya ga ramin harsashi a ƙafar nan kwana biyu da suka wuce, ga hotuna a wayar kowa. Onarabul ya rungume ƙafar, ya ce wannan ita ce albarkar haɗin kai. Wani ya so ya yaye bargon a ga fuskar mai rabo, aka ce ana jiransu wurin wata ta'aziyya a Gada, suka fita a guje. Kafin la'asar bidiyon ya gama gari, ya ƙetare iyaka.

A daidai wannan la'asar likitar ta kira ni ofishinta. Ta ce ruɓar ta hau, in ba a yanke daga ƙasan gwiwa ba zuwa safe, ba ƙafa za mu rasa ba, shi za mu rasa. Ta ce da kwana uku da suka wuce muka zo, da wani zancen ake yi. Ta tura mini takarda.

Na fita baranda na kira yayana. Ina jin hayaniya a bayansa, ana ta yi masa barka. Ya matsa inda babu mutane. Na gaya masa.

Ya ce, "Hindatu, mi za ni ce ma mutane?"

Na bar shi da tambayarsa, ina jin numfashinsa a waya. Da ya sake magana muryar ba tasa ba ce.

"Yana jin zafi ƙwarai?"

Na ce, "Babu sauƙi, Yaya."

Sai na ji yayana yana kuka, mutumin da ko ranar da babanmu ya rasu ban ga hawayensa ba. Ya ce in sa hannu, yana tafe. Na koma na dangwala yatsa a takardar.

Ranar Lahadi da safe aka yi aikin. Ya farfaɗo da azahar, ya dubi inda bargon ya kwanta shafe a ƙasan gwiwa, ya daɗe yana kallo. Bai yi kuka ba, ni ce na yi. Ubansa ya iso ya tsaya a bakin ɗakin, ya kasa shigowa, ya kasa tafiya, daga baya ya zauna a benci a waje ya rufe fuska da hula.

Washegari ina ba shi kunu a cokali. A gadon da ke kusa da namu akwai wani dattijo mai ciwon suga, mutum mai fara'a, tun da muka zo yake mana sannu. Jikarsa ta turo masa wani abu a waya, ya kalla sau biyu yana salati, sannan ya miƙo wa Zaharaddini. Ya ce ya duba ikon Allah, wani ɗalibi ne a Illela, shi ma a ƙafa aka harbe shi, amma garinsu kaf suka tsaya masa, dare da rana suna addu'a, har ciwon ya ɓace ko tabo babu. Na miƙa hannu zan karɓe wayar, yaron ya riga ni. Ya kalla tun daga jawabin har kabbarar, har inda aka nuno ƙyallen ƙofar gida da hotonsa na da, lokacin yana da kumatu. Ya mayar wa dattijon da wayarsa da hannu biyu.

Dattijon ya dubi bargon, ya dubi yaron, tausayi ya kama shi. Ya ce, "Ɗana, da kai ma ka sami jama'a irin tashi, da ba a kai ga haka ba. Kai mutumin ina ne? Ba ka da dangi su zo su duba ka?"

Na ajiye cokalin. Zaharaddini ya laluba ya kama bakin mayafina ya riƙe gam.

Ya ce, "Ba ni da kowa, Baba. Daga ni sai gwaggona."